Gangunan da ke Siton Idu

Orozo, Abuja
15 ga Afrilu, 2024

Kawu Lukmanu,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Anti Nafeesa da yara. An yi sallah lafiya? Yaya zafin Sakkwato, yaya ƙafar, ta daina kumburi? Mu nan jikinmu lafiya, tarin jikarka Marvel ma ya yi sauƙi, amma gidan ba lafiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. An ƙwace wayata tare da ta mijina Nicholas. Na ba Maharazu direba wannan a tashar Jabi, ya ce ya san ofishinku, zai ba ka hannu da hannu.

Kawu, jiya Lahadi aka kama mijina. Mun taso daga coci, ko ƙofar gida ba mu kai ba wata farar mota ta tare mu. Mutanen ba kaki, ba takarda. Ɗayansu ya ce, "Kai ne mai surutun nan a rediyo?" Nicholas ya ce shi ɗan jarida ne. Ya ce, "To taho ka yi jaridar a wajenmu." Suka shiga ɗaki suka kwashe kwamfuta da rikoda da wayoyi, Marvel tana riƙe da zanena tana kuka.

Ga dalili. Ka tuna Zacharias maƙwabcinmu, mijin Magdalena mai ƙosai, wanda ya taya ka canja taya ranar da ka zo ganin Marvel? Lebura ne a siton hukumarku da ke Idu. A watan jiya aka ce su fitar da wasu tsofaffin ganguna daga bayan sito su loda a mota, wai manya za su zo duba wurin. Gangunan sun yi tsatsa, wasu suna yoyo. Ba a ba su safar hannu ba, ba abin rufe hanci. Shi da ƙaninsa James suka dawo gida suna amai, yawu na zuba, ido ya yi ja. Zacharias bai tashi ba, mun binne shi. James yana kwance a asibiti har yanzu. Hukumarku ta turo wani mai taye ya ce wa Magdalena zazzaɓin taifot ne, ta yi haƙuri.

Nicholas ya je Idu ya yi hira da leburorin, ya ɗauki hoton gangunan daga bakin get. Ya rubuta wa hukumar yana tambayar abin da ke ciki, shiru. Sai ya sa maganar a shirinsa na Kunnen Unguwa ranar Juma'a. Shi ke nan laifin. Yanzu wai ya tona sirrin gwamnati.

Ba maganar Nicholas ba ce ma ta fi sa ni rubuto maka. Likitan James ya ce mini, "Madam, a makance nake yi masa magani. A gaya mini sunan abin da ya taɓa jikinsa." Na je hedkwatarku da kaina yau, na bar ɗalibaina ba malama. Wata mata a teburin karɓar baƙi ta ce ba a fitar da irin wannan bayani, sirri ne.

Kai ka yi shekaru a sashen ajiya kafin a kai ka Sakkwato. Ka san abin da ke cikin gangunan nan. Suna kawai nake so, Kawu. Ka rubuta shi a ƙasan takarda ka ba Maharazu.

'Yarka,
Serah


Sakkwato
19 ga Afrilu, 2024

Serah 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Marvel. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafa da sauƙi, sai dai ranar da na daɗe a zaune. Nafeesa tana gaishe ki, ta yi kuka da na karanta mata. Allah ya ba Magdalena haƙuri, ya ba James lafiya, ya fitar da Nicholas.

Takardarki ta zo a bayan wani kira. Tun Litinin aka buga mini daga Abuja ana tambayar me ya haɗa ni da Nicholas, don an ga lambata a wayarsa. Na ce surukina ne, mijin 'yar yayata. Suka ce sun gode, irin godiyar da ba ta da daɗin ji. Saboda haka ko kin sami wata wayar kada ki kira ni. Mu ci gaba ta hannun Maharazu.

Yanzu ki saurare ni da kunnen basira. Ranar da aka ɗauke ni aiki, na dafa Alƙur'ani na yi rantsuwa cewa ba zan fitar da wani bayani na ofis ga wanda ba a ba ni izinin ba shi ba. Kowane ma'aikaci yana yin irinta. Akwai doka a bayan rantsuwar, kuma hukuncinta ɗauri ne, ga mai bayarwa da mai karɓa. Duk fayil ɗin da aka buga wa tambarin sirri ya shiga ƙarƙashinta, ko da maganar siyan tsintsiya ce a ciki. Ba ni na yi dokar ba. Mun tarar da ita, waɗanda suka koya mana aiki ma haka suka tarar da ita.

Ba zan ce miki ban san abin da ke cikin gangunan ba, don ban taɓa yi miki ƙarya ba. Amma ba zan rubuta shi a takarda ba. Ki ce asibitin su rubuto wa hukumar a hukumance, da hatiminsu. Hanya ke nan. Idan takardar ta bi ta inda ya dace, za a amsa, in sha Allah.

Shi kuma Nicholas na sha gaya masa ya riƙa sassautawa. Da ya zo wurina kafin ya hau rediyo, da na nuna masa inda ake takawa da inda ba a takawa. Ki nemi lauya mai hankali, ba mai son shiga talabijin ba. Idan aka yi shiru, irin waɗannan abubuwa sukan lafa da kansu.

Ritayata ta kusa, ƙannenki duk suna makaranta. Ki duba wannan ma.

Kawunki,
Lukmanu


Orozo
3 ga Mayu, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Na gode wa Allah da ƙafarka ta yi sauƙi, tunda ita ce ba ta son zama, mai ita kuwa ya iya zama.

Na karanta amsarka a tsaye a tashar Jabi, na sake karantawa a mota har Orozo, ko zan ga sunan ya ɓuya a wani layi. Babu. Ka sani, ka ce ka sani, ka naɗe takardar ka manne.

Na bi hanyar taka. Asibiti sun rubuta, da hatimi, ni na kai da hannuna. An karɓa, an ce tana teburin oga, oga ya yi tafiya. Da na koma aka ce an tura ta sashen shari'a, tunda maganar tana kotu ba za a ce komai ba. James yanzu ba ya iya riƙe kofi. Numfashinsa kamar ana jan buhu a kan siminti. Magdalena ta daina suya, tana kwana a ƙasan gadonsa. Ka ce abubuwa sukan lafa. Haka Zacharias ya lafa.

Jiya aka kawo Nicholas kotu. Ya rame, da rigar cocin nan a jikinsa har yanzu. Mun sami lauya, Barista Felicity, ba ta shiga talabijin, hankalinka ya kwanta. Aka karanta tuhuma: ya karɓi bayanan sirri, ya yaɗa. Alƙali ya tambayi lauyan gwamnati, "Wane bayani ne ya yaɗa?" Mutumin ya miƙe ya gyara rigarsa ya ce, "Ya mai shari'a, ba zan iya faɗa a nan ba, saboda sirri ne." Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Abin da duk mai rediyo a Abuja ya ji da kunnensa, abin da duk mai wucewa ta Idu ya shaƙa da hancinsa, shi ne ba za a iya faɗa a kotu ba.

Da muka fito na tambayi Barista daga ina wannan doka ta fito. Ta ce asalinta ta Turawan mulkin mallaka ce, sun kawo ta don kada ɗan ƙasa ya san abin da ake ƙullawa a kansa a ofis. Da suka tafi, namu suka ɗauke ta suka kakkaɓe, suka sake rubutawa suka ci gaba da aiki da ita. Ta ce akwai sabuwar doka da ta ba kowa 'yancin tambayar gwamnati bayani, da ita ma Nicholas ya rubuta musu tun farko. Amma sabuwar tana cikin littafi, tsohuwar ce ke da mota da ankwa.

To Kawu, Bature ya ɓoye wa kakanmu don ba ƙasarsa ba ce, ba jininsa ba ne. Kai wa kake ɓoye wa? James? Rantsuwar da ka yi, ka yi ta ne don kare ƙasa, ko don kare wanda ya bar guba ta ruɓe a bayan sito? Ni ba malamar addininku ba ce, amma a gidanka na yi sakandare, na ji abin da kake koya wa yara game da ran mutum.

Gidan rediyon sun cire shirinsa, kiɗa suke sawa a lokacin. Manajan ya ce mini an kira shi an tuna masa cewa lasisi abu ne mai lokaci. Abokan aikinsa kaɗan ne suka zo kotu, wani ya raɗa mini cewa editansa ya ce ya bar labarin.

An ba da beli, amma irin wanda ake bayarwa don kada a fita. Sai an sami ma'aikacin gwamnatin tarayya mai mataki na goma sha shida ko sama, mai gidan kansa a Abuja, ya tsaya masa. Na zaga dattawan coci, kowa ya ji sunan dokar sai ya fara kallon agogo. An mayar da shi gidan yari.

Na san matakinka, na san gidanka na Kubwa. Ban roƙe ka ba. Suna ɗaya na roƙa ka hana, ba zan roƙi gida ba.

Serah


Tashar Jabi
14 ga Mayu, 2024

Serah,

Gaisuwa. Lafiya lau. A kan mota nake rubuta wannan, za mu tashi yanzu. Na shigo Abuja jiya, ban iso Orozo ba, kuma da gangan ne. An ajiye mini takardar Nicholas, na karanta, na sa hannu. Na yi ta tunani ban ga wata hanya ba. Abin da zai biyo baya ya biyo. Kada ki neme ni, kada ki faɗa wa kowa na zo.

Lukmanu


Orozo
16 ga Mayu, 2024

Malam Lukmanu,

Gaisuwa ɗaya zan yi, ta Anti Nafeesa, don ita ba ta yi mini komai ba. Lafiyarmu kuma ba na jin ta dame ka.

Tun makon jiya Barista ta gaya mini cewa hukumarku tana tattara manyan ma'aikatanta su sa hannu a kan takardar shaida, cewa abin da Nicholas ya faɗa sirri ne kuma ya cutar da gwamnati. Na ce a raina, ko kowa zai sa, akwai mutum ɗaya da hannunsa zai ƙi. Sai ga Maharazu da 'yar takardarka.

Ka shigo Abuja. Ka wuce ta hanyar asibitin da James yake, ka wuce ta hanyar da za ta kawo ka gidana, ka tafi ofis ka zauna a cikin sanyi aka miƙo maka biro. Har kana gaya mini ka karanta. Madalla. Ka karanta sunan mutumin da ya durƙusa a gabanka ya nemi aurena, don ubana ya mutu kai ne uba. Kai ka ba shi ni. Ka shiga coci ranar, da babbar rigarka, mutane suna nuna ka suna cewa dubi yadda zumunci yake a gidan nan. Ashe duk wannan bai kai nauyin fansho ba.

"Ban ga wata hanya ba." Akwai hanya, Kawu. Ajiye biro hanya ce. Cewa ƙafata tana ciwo ba zan zo ba, ita ma hanya ce, ko ƙaryar ba ka iya yi mana ba?

Mama Rekiya, yayarka, ta sayar da gonarta ta Akwanga don ka gama jami'a. Ba ta taɓa faɗa maka da baki ba, ni ma ban so in faɗa ba. Tana kwance a asibiti ta kama hannuna ta ce, "Ba ki da maraici muddin Lukmanu yana da rai." Na gode wa Allah da ba ta ga wannan wata ba.

Ka ce kada in faɗa wa kowa ka zo. Kada ka damu. Ni ma na iya riƙe sirri yanzu, a wurinku na koya. Ba zan gaya wa Marvel abin da kakanta ya yi ba. Zan dai daina ambatonka, har ta manta.

Kada ka ba Maharazu amsa. Na gaya masa kada ya karɓa.

Serah Nicholas


Orozo
24 ga Mayu, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma durƙushe. Yaya jiki, yaya Anti da yara? Nicholas yana gida. Yana barci yanzu da rana tsaka, ƙafafunsa duk ƙuraje, amma yana gida.

Shekaranjiya Barista ta aiko a kira ni daga aji, ta ce in same ta a kotu. Na je na tarar ana cike takardun fita. Na ce wa ya tsaya masa? Ta juyo mini da takardar. Hotonka ne a manne, da takardun gidan Kubwa, da sa hannunka. Na zauna a kan matakala. Ta ce kai ka hana ta faɗa, har sai ma'aikatan kotu sun je sun tabbatar da gidan, don kada hukumar ta ji ta toshe.

Daga nan na wuce asibiti. Likita ya ce wani dattijo mai ɗingishi ya zo ya same shi, bai faɗi sunansa ba, ya faɗi sunan abin da ke cikin gangar ya juya ya tafi. A ranar suka canja magani. James ya fara cin abinci, yana gane mutane. Amma likitan bai ɓoye mini ba. Ya ce hannayen ba za su daina rawa ba, ƙirjin ma ba zai koma daidai ba, aikin ƙarfi ya ƙare masa. Ya ce da tun farko aka faɗa, da wani labarin ake yi.

Na zage ka, Kawu. Na tono Mama daga kabari na jefe ka da ita. Ka yafe mini. Na je Jabi da gudu ko zan tsayar da waccan takardar, Maharazu ya ce ai tuni ya bar ta a ofishinku.

Amma bari in faɗi sauran, don idan na haɗiye zai kashe ni. Me ya hana ka rubuta kalma ɗaya, beli? Ka rubuta wa 'yarka takarda kamar mai tsoron bango zai karanta. Aikin nan ya koya muku magana rabi-rabi har a cikin gida. Kuma abin da ka faɗa wa likita a tsaye cikin minti ɗaya, tun Afrilu yake bakinka. Na gode maka har ƙasan zuciyata, kuma ina jin haushinka. Duka biyun gaskiya ne, ban san yadda zan raba su ba.

An gindaya wa Nicholas sharaɗi kada ya yi magana da 'yan jarida har a gama shari'a. Ɗan jarida, kada ya yi magana da 'yan jarida. Ya ce in gaya maka ba shi da bakin godiya.

Me suka yi maka a ofis? Ka faɗa mini duka, da cikakkun kalmomi.

'Yarka,
Serah


Sakkwato
2 ga Yuni, 2024

Serah 'yata,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, alhamdu lillahi. A gaishe da Nicholas, a ce ya riƙa wanke ƙafar da ruwan ɗumi da gishiri. Takardunki biyu tare suka iso hannuna, don ba na ofis, sai da masinja ya kawo mini gida. Na yi rashin sa'a na fara buɗe ta farko. Ta yi zafi. Na yafe. Wadda ta fi zafi ita ce ta biyun, don abin da kika faɗa a kan James ba ni da amsarsa.

Kin ce in faɗa da cikakkun kalmomi. To ga su. An dakatar da ni daga aiki. Laifi na farko, na tsaya wa mutumin da hukumata take ƙara. Laifi na biyu, an gan ni a asibiti. Na uku shi ne wanda ba ki sani ba.

Irin gangunan nan akwai su a sitonmu na nan. Kaya ɗaya ne aka raba. Ina dawowa daga Abuja na tarar da umarni: a kwashe su cikin gaggawa, a nemi leburori daga kasuwa, kada a yi musu bayani. A saman takardar an buga tambarin sirri. Na tsaya ina kallon tambarin nan da na yi shekara talatin ina girmamawa. Ba su ce a nemo safar hannu ba. Ba su ce a kira masana ba. Mutum ya mutu a Idu, darasin da suka koya kawai shi ne a yi sauri kafin wani ɗan jaridar ya zo.

Na kulle siton na sa makullin a aljihu. Na tara leburorin na ce musu abin da ke ciki yana kisa, kowa ya tafi gida. Kafin la'asar an bugo waya. Wani yaro da ni na koya masa rubuta takardar ofis yana yi mini tsawa, wai na san hukuncin karya rantsuwa? Na ce na sani. Na ce shi ya san hukuncin tura mutum ya rungumi guba?

Na je wurin malaminmu na masallaci na tambaye shi matsayin rantsuwata. Ya ce rantsuwa ba ta zama igiyar da za a ɗaure mutum da ita a kan cutar da bayin Allah, in yi kaffara in huta. Tambayar da ya kamata in yi tun ranar da takardarki ta farko ta zo.

Raina a ɓace yake, Serah, irin ɓacin da ban taɓa ji ba. A tsawon aikina ban taɓa riƙe sirrin da zai amfani maƙiyin ƙasar nan ba. Abin da na riƙe shi ne kwangilar da ba a yi ba, da kayan da suka lalace, da sunan wanda ya yi sakaci. Mun mayar da dokar bargo, duk wanda ya yi ɓarna sai ya ja ya rufa, wanda ya ɗaga gefen bargon shi ne mai laifi.

Ki gaya wa Barista Felicity ta sa sunana cikin shaidu. Kotu ta kira ni. Duk abin da alƙali ya tambaya zan amsa, da sunan abin, da ranar da aka kawo shi, da wanda aka gaya wa ya lalace.

Kawunki,
Lukmanu


Orozo
11 ga Yuli, 2024

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Anti, yaya zaman gida? Mu lafiya. An sallami James, yana wurin Magdalena, ita take ba shi abinci a baki. Ruwa ya sauka sosai, masarar bayan gida ta kai ƙugu.

Kada ka sayi tikitin mota. Ba za a kira ka ba.

Barista ta shigar da sunanka a makon jiya. Yau muka je kotu, ko zama ba mu gama yi ba lauyan gwamnati ya miƙe ya ce sun janye ƙarar. Ba dalili, ba haƙuri. Alƙali ya ce an sallami wanda ake tuhuma, ya kira shari'a ta gaba. Barista ta ce sunanka suka gani. Sun gwammace su saki Nicholas da a ji bakinka a rubuce a littafin kotu.

Mutanen coci suka fara tafi a waje, ana rungumar Nicholas, ana cewa an yi nasara. Magdalena tana tsaye a gefe da baƙin ɗankwalinta. Ta ja hannun Barista ta ce, "To yanzu yaushe za a yi ta Zacharias?" Babu ta Zacharias, Kawu. Ba a taɓa shigar da ita ba. A takardar mutuwarsa har gobe taifot ne.

Wace nasara? Sun ɗauke mini miji a hanyar dawowa daga coci, sun kulle shi, sun kashe shirinsa, sun riƙe rikodarsa wai har yanzu ana bincike. Kai kana zaune a gida ba aiki. Wanda ya ce a ɗauki gangunan yana ofis, an ce ma ya tafi taro ƙasar waje. Dokar tana nan inda take, ba wanda ya taɓa ta, tana jiran na gaba. Manajan rediyon ya ce Nicholas zai iya dawowa, amma sashen wasanni.

Ya ƙi. Sharaɗin beli ya faɗi tare da ƙarar, bakinsa ya buɗe. Akwai wata jaridar intanet da ta ce za ta buga labarin gaba ɗaya idan akwai wani na ciki da zai yi magana da sunansa da fuskarsa. Wani abokinsa ya ara masa rikoda. Barista ta ce in gaya maka gaskiya: a kotu kana da kariya, a jarida ba ka da ita, da dokar nan za su zo maka, kuma wannan karon suna da wanda ya yi rantsuwa.

Nicholas ya ce kada in tambaye ka, ka yi abin da ya isa. Ni ce nake tambaya. Idan ka ce a'a, na so in rubuta cewa ba zan ji haushi ba, amma ka san ni. Zan ji, in kuma ci gaba da zuwa gaishe ka har ƙarshen raina. Ka yi shawara da Anti Nafeesa, ita za ta ɗauki abin da zai biyo baya.

'Yarka,
Serah


Sakkwato
15 ga Yuli, 2024

Serah 'yata,

Muna lafiya, muna gaisuwa. Na karanta wa Nafeesa. Ta ce in daina kallonta, in je a yi mini aski tunda hoto za a ɗauka.

Ku taho ranar Asabar. Ku zo da Magdalena idan za ta iya tafiyar. Kafin a kunna rikoda, ita zan fara gaya wa abin da ya kashe mijinta.

Kawunki,
Lukmanu